Tiyatar rage ƙiba: wai da gaske yanke hanji ake yi a zubar?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san abin nan da kyau ya fahimtar da ni, domin gidanmu ya rabu biyu a kansa. Yayata ce, shekararta 44, nauyinta kilo 128, kuma ba doguwa ba ce, tsayinta mita 1.62. Shekara 9 ke nan tana fama da ciwon suga, yanzu har allurar insulin take yi safe da yamma, ga hawan jini, ga gwiwa. Rabonta da ta kai goshinta ƙasa a sallah ya fi shekara biyu, a kan kujera take yi. Likitanta ya ce ta yi tunanin tiyatar nan da ake ce wa baifas. Ita ta yarda, mijinta ya yarda, amma Hajiyarmu ta ce atafau, wai an gaya mata yanke hanjin mutum ake yi a zubar, ita kuwa da ranta ba za a raba 'yarta da kayan cikinta ba. Na so in lallashe ta, sai na ga ni ma ban san abin da zan ce ba. Me ake yi wa hanjin ne?

Abu Fatima: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai ina bayan Hajiya. Ta rage cin abinci, ta riƙa tattaki bayan Asuba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana raba ciki uku: na abinci, na ruwa, na numfashi. Wanda ya riƙe wannan me zai kai shi ga wuƙar likita?

Maman Ihsan: Malam, wallahi ta yi. Ta bar tuwon dare, ta bar lemo, ta koma acca da ganye. Sau uku tana sauke kilo 10 ko fiye, kafin shekara ta zagayo ya dawo har da ƙari. Tattakin kuma gwiwar ce ta hana.

Likitan Fiɗa: Maman Ihsan, sannunku da jinya. Ki fara kai wa Hajiya wannan: a tiyatar da aka ambata wa Yayarki ba a fitar da komai daga cikin mutum. Ko ɗan yanki na hanji ba a zubarwa. Hanya ake sauya wa abinci.

Ga yadda abin yake kafin a taɓa. Abinci yana bin maƙogwaro ya faɗa tumbi, daga tumbi ya shiga ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 6, sannan babban hanji. Kan ƙaramin hanjin, wato santimita 25 na farko, mu muna ce masa diyodinam. Gajere ne amma aikinsa babba, domin a nan ruwan matsarmama da ke fitowa daga hanta yake zuba, a nan kuma ruwan fankiriyas yake zuba, wato gaɓar nan da ke yin insulin. Waɗannan ruwaye biyu su ne suke narka maiƙo da nama da sitaci. Idan ba su haɗu da abinci ba, hanji ba ya iya tsotse shi yadda ya kamata.

A ɗakin tiyata abu uku muke yi. Da farko muna raba tumbi gida biyu da wata na'ura da ke yanka tana ɗinkewa a lokaci guda. Sai a sami 'yar jaka a sama, a manne da maƙogwaro, girmanta kamar ƙwan kaza, tana ɗaukar mililita 30 ko ƙasa da haka. Sauran babban tumbin yana nan a wurinsa, abinci ne kawai ba zai sake shigarsa ba. Daga nan mu sauko kan ƙaramin hanji, mu auna kamar santimita 50 zuwa 100 bayan diyodinam, mu datse shi. Bakin da ke ƙasa mu jawo shi sama mu ɗinka a jikin 'yar jakar nan. To saura bakin da ke sama, wanda ke ɗauke da ruwan tsohon tumbi da na matsarmama da na fankiriyas. Shi ba za a bar shi a toshe ba, sai mu auna mita 1 zuwa 1 da rabi daga 'yar jakar, mu ɗinka shi a gefen hanjin a can.

Kin san tambarin Najeriya? Farin zanen nan mai kama da harafin Y da ke tsakiyar baƙar garkuwa, wanda ke nuna kogin Kwara da na Binuwai sun haɗu a Lokoja suka gangara teku tare. To haka cikin mutum yake komawa. Reshe ɗaya abinci ne zalla, reshe ɗaya ruwan narkarwa ne zalla, sai sun iso Lokojarsu su gauraya, sauran mita uku ko huɗu na hanjin su yi aikinsu kamar da. Shi ya sa ma cikakken sunan aikin, Roux-en-Y, yake ɗauke da harafin Y, haɗe da sunan César Roux, wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan da ya ƙirƙiro wannan salon haɗa hanji tun wajejen 1890, shi kuwa don masu toshewar tumbi ya yi shi, ƙiba ba ta cikin lissafinsa.

Baba Mai Nama: Dakta, Allah ya ƙara basira. Ni mahauci ne, shekara 30 hannuna na cikin kayan ciki. Abin da nake so in tambaya, hanji ai ba a sake yake ba. Akwai wata tantani mai kitse da jijiyoyi da ta riƙe shi, idan muna warware hanjin rago sai mun bi da wuƙa mun raba su. Ta yaya za ku jawo shi har sama bai tsinke ba?

Likitan Fiɗa: Baba, tambayarka ta wanda ya ga abin da idonsa ce. Wannan tantanin ita ke kai wa hanji jini, saboda haka ba ma raba shi da ita. Tsaga ta muke yi kaɗan tsakanin jijiyoyi, yadda hanjin zai miƙe ya kai sama da jininsa. Amma wannan tsagar da jan da aka yi suna barin kafofi a baya, kuma idan ba a ɗinke su ba, wata rana, musamman bayan mutum ya rame kitsen wurin ya narke, hanji na iya zurawa ta ciki ya shaƙe. Shi ya sa duk wanda aka yi wa aikin nan, ko bayan shekara biyar ne, idan ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, kada ya tsaya shan maganin olsa ko jiƙo. Asibiti zai nufa a daren, ya kuma faɗa musu irin aikin da aka yi masa.

Ɗalibin Likita: Ranka ya daɗe, in ƙara da abin da aka koya mana, ina ganin tsoron Hajiya yana da asali. Tiyatar farko da aka fara yi wa masu ƙiba a Amurka daga shekarun 1950 ba ta taɓa tumbi. Kusan dukkan ƙaramin hanjin ake tsallakewa, a bar abin da bai kai rabin mita ba yana aiki. Mutane sun rame ƙwarai, amma da gudawa ba dare ba rana, da tsakuwar ƙoda, wasu hantarsu ta lalace har suka rasu. Daga baya aka watsar da ita. Edward Mason na Jami'ar Ayowa shi ya kawo dabarar ƙaramar jakar tumbi a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na tumbi saboda olsa ba sa iya mayar da jikinsu. A 1994 kuma Alan Wittgrove ya yi ta ba tare da farke ciki ba, ta ƙananan huji da kyamara, kuma haka ake yin ta yau kusan ko'ina.

Likitan Fiɗa: Haka ne. Labarin waccan tsohuwar tiyatar har yanzu yana yawo a bakin mutane, ana jingina shi ga wannan.

Umman Sadiya: Maman Ihsan, ni an yi mini. Shekara huɗu ke nan, a Masar. Na shiga da kilo 121, yanzu ina tsakanin 82 da 84. Bari in gaya miki abin da ya fi ba ni mamaki, don shi ne ya shafi Yayarki. Kwana uku da aikin, ban rage ko kilo biyu ba, nas ta zo ta gwada sugana ta ce yau ba za a yi mini insulin ba. Na ɗauka kuskure ta yi, na ce ta sake gwadawa. Ta sake soka yatsan, ta juyo mini da na'urar na gani da idona. Daga ranar har yau ban sake riƙe allurar ba. Shekara shida ina yi wa kaina ita a cinya. Ranar da na dawo gida na buɗe firji na ga sauran kwalaben a ƙofa, sai da na zauna a ƙasa na yi kuka.

Abu Fatima: Masha Allah. Amma Umman Sadiya, ai yunwa ce ta sauke sugan. Wanda ba ya cin komai sai ruwa-ruwa dole sugansa ya sauka. Kin ga maganata ta fito, rage cin ne maganin.

Likitan Fiɗa: Malam, rabin maganarka gaskiya ce, ƙarancin abincin kwanakin farko yana taimakawa sosai. Amma akwai sauran rabin, kuma shi ne abin da ni ya fi burge ni a aikin nan. Hanji ba bututu ba ne kawai da abinci ke bi ya wuce. Gaɓa ce mai aika saƙo. A can ƙasan ƙaramin hanji akwai ƙwayoyin halitta da idan abinci ya taɓa su suke sakin wasu sinadarai cikin jini, shahararren cikinsu shi ne GLP-1. Shi ke gaya wa fankiriyas ya saki insulin, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A mutumin da ba a taɓa ba, abinci yana daɗewa kafin ya kai can, kuma kafin ya kai an tsotse mafi yawansa. Bayan an sauya hanya, loma tana isa can cikin mintuna, sai sinadarin ya tashi ninki-ninki. Mutum ya ci cokali huɗu ya ji kamar ya tashi da malmala biyu.

A nan bambancin yake da wanda ya rage ci da ƙarfin hali. Shi jikinsa yaƙi yake yi da shi: yunwa ta ƙaru, jiki ya rage ƙona abin da aka ci, har sai ya mayar da abin da ya tafi. Abin da ya sami Yayar Maman Ihsan ke nan har sau uku, kuma ba ragwanci ba ne. Bayan tiyatar kuwa yunwar ce da kanta take lafawa.

Walter Pories a Amurka ya wallafa a 1995 cewa yawancin masu ciwon suga da ya yi wa aikin nan sugansu ya daidaita, kuma tun kafin su rame. Francesco Rubino ya gwada a kan ɓerayen da ke da ciwon suga amma ba su da ƙiba, ya tsallake musu kan hanji kawai bai rage tumbinsu ba, sugansu ya gyaru. Alluran nan na suga da rage ƙiba da ake ta magana yanzu, Ozempic da Wegovy, kwaikwayon wannan sinadari na hanji suke yi.

Sai dai kada a yi wa Yaya alkawarin abin da ba a da tabbas. Wanda ciwon bai daɗe a jikinsa ba ya fi samun rabuwa da magani gaba ɗaya. Mai shekara 9 kuma yana kan insulin, galibi maganin raguwa yake yi sosai, wani ya bar allura ya koma ƙwaya, wani ya rabu da duka, wani kuma bayan shekaru sugan ya ɗan dawo.

Abu Fatima: To Dakta, na ji wannan, ban san da shi ba. Idan magani ne na cuta ba neman kyan jiki ba, ai an umurce mu da neman magani. Abin da nake gudu shi ne 'yan mata su mayar da shi ado.

Likitan Fiɗa: Da ma akwai ma'auni. Ana raba nauyi da tsayi sau tsayi. Na Yaya, 128 a raba da 1.62 sau 1.62, ya ba da kusan 49. Tun 1991 ƙa'idar ita ce 40, ko 35 idan akwai cuta irin suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Ta kowane ma'auni ta cancanta.

Ɗan Maraɗi: Ku yi haƙuri in shigo da ɗaya gefen, don kada a ji daɗin kawai. Matar wana an yi mata a waje, ta dawo lafiya lau, kowa na sam barka. Aka ba ta bitamin na wata uku, da suka ƙare ba ta sake saye ba, ta ce ai ta warke. Inda aka yi mata ma ba wanda ya sake nemanta. Ana nan sai amai, sai ƙafafu suka fara yi mata nauyi, tana jin kamar tana taka auduga. Muka yi ta zaton iska ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Ranar da ta tashi za ta ɗauko buta ƙafar ta ƙi ɗaukarta, sannan aka kai ta asibiti. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, bitamin sun ƙare a jikinta. Ta fi wata shida kafin ta taka da kyau, har yanzu yatsunta ba su gama dawowa ba.

Sista Mai Jinya: Allah ya ƙara mata sauƙi. Wannan shi ne abin da nake so Maman Ihsan ta riƙe da hannu biyu. Wurin da aka tsallake, wato diyodinam da abin da ke biye da shi, nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini da kalsiyam mai gina ƙashi. Bitamin B12 kuma sai da taimakon ruwan tumbi ake samunsa daga nama, ga shi abinci ya daina bi ta babban tumbin. Saboda haka bitamin ɗin nan ba na wata uku ba ne, na muddin rai ne, da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da ya kwantar da matar wan Ɗan Maraɗi ya yi kama da ƙarewar B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce 'yan makonni, amai na yau da gobe kuwa yana cinye ta da wuri. Duk wanda aka yi wa aikin ya kama amai ba tsayawa, a kai shi a yi masa allurarsa, kada a jira.

Ni ina gaya wa iyalai, ku zauna ku yi lissafin kuɗin bitamin da na gwaji na kowace shekara kafin ku yi na jirgi. Kuma ku samo likitan da zai riƙa duba ta a gida tun kafin a tafi.

Umman Sadiya: Gaskiya ne Sista. Ni nawa suna kusa da dadduma, ina sallame Asuba nake sha. Sai kuma zaƙi. Wata biyar da aikin na je bikin 'yar ƙanwata, aka kawo fura da nono mai sanyi, an zuba mata suga. Na ce rabin kofi ba zai yi komai ba. Ko minti ashirin ba a yi ba zufa ta karyo mini, zuciyata na bugawa kamar ana daka, ɗakin na juyawa, cikina na murɗawa. Na kwanta a kan kafet a ɗakin amarya, mata na ta yi mini fifita suna salati. Bayan kamar awa ɗaya ya sake ni. Yanzu ina shan furata, amma ba suga, kaɗan-kaɗan da cokali.

Likitan Fiɗa: Dalilinsa, a ƙasan tumbi akwai wata ƙofa da ke sakin abinci cikin hanji kaɗan-kaɗan. Sabuwar hanyar ba ta bi ta wannan ƙofar, sai zaƙin ya afka hanji gaba ɗaya, ya jawo ruwa daga jini. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku abin yake zuwar masa, insulin ya yi yawa suga ya faɗi ƙasa. Shi ya sa muke cewa a fara da nama ko kifi ko ƙwai ko wake, a tauna sosai, kuma kada a haɗa ci da sha, a ba da tazarar rabin awa.

Wani abu da mutanenmu ke yawan faɗawa ciki shi ne maganin ciwon jiki na kemis: diklofenak, ibufurofen, feldin. Hanjin da aka ɗinka a jikin jakar bai saba da ruwan tsami na tumbi ba, waɗannan magunguna da taba sigari suna haƙa masa gyambo a daidai ɗinkin. Yaya mai ciwon gwiwa ce, na tabbata tana sha. Bayan aikin sai farasitamol ko abin da likita ya rubuta.

Amaryar Bana: Dakta don Allah, haihuwa fa? Kuma azumi?

Likitan Fiɗa: Ana haihuwa lafiya, wasu ma da suka daɗe suna nema sai bayan sun rame suke samu. Amma a jira wata 12 zuwa 18, lokacin da jiki ke zubewa da sauri, kuma ƙwayar tazara ta sha ba abar dogaro ba ce bayan an sauya hanyar hanji, a nemi wata hanyar. Azumi kuwa, a shekarar farko muna hana shi, domin mutum ba ya iya shan ruwa mai yawa lokaci guda. Bayan nan da yawa suna yi da shawarar likitansu.

Umman Sadiya: Ni na sha na shekarar farko, na rama daga baya lokacin sanyi. Yanzu da dabino ɗaya nake buɗe baki, in kurɓi ruwa, in yi Magariba, sannan in ci ƙosai biyu da ɗan farfesu. Gorar ruwa kuma tana hannuna har sahur.

Baban Hanif: Ni wadda aka yi wa abokina ba a taɓa hanjinsa ba, tumbi kawai aka rage.

Likitan Fiɗa: Wannan daban ce, ita ce ake ce wa silib. A ita ne ma ake fitar da abu a zubar, kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba, hanji kuwa yana nan yadda yake. Ta fi sauƙin yi, yanzu ita aka fi yi a duniya. Amma tana iya tsananta ƙwannafi, kuma a kan tsohon ciwon suga sauya hanyar hanji ta fi ta ƙarfi. Ina jin dalilin da ya sa likitan Yaya ya zaɓi waccan ke nan.

Maman Ihsan: Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na je wurin Hajiya, na buɗo mata tambarin Najeriya a waya, na ce ga hanyar abinci, ga hanyar ruwan matsarmama, ga inda suke haɗuwa. Na karanta mata labarin Umman Sadiya, na kuma karanta mata na Ɗan Maraɗi, ban ɓoye mata ba. Ta yi shiru ta daɗe tana jan carbi. Sai ta ce in tambayi Dakta abu biyu. Tumbin da aka bari ba abinci, ba zai ruɓe a cikinta ba? Kuma tsakaninsa da Allah, ana mutuwa a aikin?

Likitan Fiɗa: Ki gaishe da Hajiya. Ba zai ruɓe ba, domin jijiyoyin da ke kai masa jini suna nan ba a taɓa su ba. Yana raye, yana ci gaba da fitar da ruwansa, ruwan na gangarawa ta ɗaya reshen ya tarar da abinci a mahaɗa. Tunda yana nan, idan wata babbar larura ta taso ana iya mayar da hanya yadda take, sai dai aiki ne mai wuya, don haka a shiga da niyyar ba komawa. Abin lura ɗaya, bayan aikin kyamarar da ake zurawa ta baki ba ta isa tsohon tumbin cikin sauƙi, saboda haka a leƙa shi tun kafin, idan an ga ƙwayar cutar olsa a kashe ta.

Tambaya ta biyu kuma, e, ana mutuwa, ba zan ce mata a'a ba. Ɗinki na iya yoyo, jini na iya zuba, gudan jini na iya tafiya huhu. A hannun waɗanda suka ƙware suna yi kullum, bai kai mutum 1 cikin 200 ba. Ku tambayi likitan guda nawa yake yi a shekara, yana rufe kafofin da Baba Mai Nama ya sa muka yi maganarsu, kuma wa za a kira idan abu ya taso da tsakar dare bayan an sallame ta.

Maman Ihsan: Na rubuta su duka. Ranar Alhamis Yaya za ta koma ganin likitan, Hajiya ta ce a zo a ɗauke ta, da bakinta za ta yi masa tambayoyin.